Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana a Anka, Kan Tayar Keken da Ke Kwanciya Kullum

Zuwa ga ɗana,

Muna nan Gummi lafiya, sai dai bazara da ta fara nuna hali. Mahaifiyarka ta ce a gaida kishiyarta, ni kuma a shafa mini kan amaryata, tunda yarinyar ɗaya ce, jikarmu, ba sai an yi aike biyu ba.

Maganar da muka fara a waya daren Talata ce ba mu ƙarasa ba. Ka ce keken nan ya tsufa, sau uku cikin mako biyu kana kai shi wurin mai faci, faci uku aka liƙa wa tif ɗin baya, amma kullum ka fito da safe za ka tafi makaranta sai ka tarar da taya ta kwanta. Har kana shawarar ka sayar da shi, ka ci bashi ka haɗa, ka sayi babur na hannu. Ban tanka maka ba a lokacin, domin in na fara a waya za ka ce faɗa nake yi. Shi ya sa na zauna na rubuta. Na kuma yarda a buga ta kowa ya gani, don ba kai kaɗai ba ne. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta tsallake 1,000, samarin da suka tashi bisa babur suka shiga zaure da bayan rumbu suna zaƙulo kekunan iyayensu. Sun gaji keken, ba su gaji sanin ciwonsa ba. Laifinmu ne kuwa, mu da muka jingine shi ranar da babur ɗin Jincheng ya shigo gari, ba mu koya wa kowa komai ba.

Ban ga tayar ba, amma zatona mafi ƙarfi bawul ne.

Bari in gaya maka inda na koya. Keken da ke hannunka Raleigh ne, asalin kamfanin na Nottingham ta Ingila, a zamaninmu kuma ana harhaɗa shi a Kano. Na saye shi a 1984 da bashin keke da ake ba ƙananan ma'aikata, ina malamin gona, muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, shekara goma sha biyu kafin a yanke Zamfara a 1996. Da shi nake zaga ƙauyuka daga Gummi zuwa Daki Takwas, in wuce har ƙasar Bukkuyum da littafin rajista da 'yan ƙunshin iri a kariya. Wata rana a shekarata ta biyu, tsakanin Nasarawar Burkullu da Bukkuyum, tayar baya ta riƙa sacewa. In buga famfo in hau, kafin in yi nisan kiran sallah ta sake laushi. Haka na yi ta yi har kafaɗa ta gaji, na sauka na tura. Na iso wani gindin tsamiya inda wani tsoho ke faci, da kwanon ruwa da ya zama baƙi, da gwangwanin sholisho, da tsohuwar almakashi ɗaure da zare. Ina isa na fara kwance ƙafar baya da kaina, wai in rage masa aiki. Ya ɗaga mini hannu, ya ce in bari. Ya buga iska biyar ko shida, ya cire hular bawul, ya tofa yawu a ɗan yatsa ya shafa a bakin. Muka zuba ido. Yawun ya kumbura a hankali kamar idon kwaɗo, ya fashe, wani ya sake tasowa. Ya dube ni ya ce, "Tif ɗinka lahiya lau, Malam. Bawul na." Ya sa hannu aljihu ya ciro wata 'yar siririyar roba kamar tsutsa, ya yanka ɗan guntu. Kafin in gama shan ruwan da ya ba ni ya gama aikin. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin goro ba. Ni kuwa har na riga na ƙudurta cewa albashin watan nan tif zan saya.

Saboda haka kafin ka sake cire taya, yi wannan gwajin. Ka buga iska sosai, ka juya wili har bawul ya zo sama inda za ka gani da kyau, ka cire hula, ka shafa ruwa mai sabulu a bakinsa, ka jira. Kada ka yi gaggawa, wani yoyon sai an ƙirga ashirin kafin kumfa ta taso. In ta taso daga bakin, to ka kama ɓarawonka. In bakin shiru, ka shafa a gindin, inda bawul ya fito daga ramin wili, ka ɗan girgiza shi hagu da dama kana saurare.

Ka lura na ce ruwan sabulu, ban ce yawu ba, ko da yake da yawun na koya. A da muna lasar yatsa, muna sa ɗan ƙarfen bawul a baki mu hura, ba mu damu ba. Amma kai a Anka kake. Ka isa ka tuna 2010, lokacin da yara suka riƙa suma suna mutuwa a Dareta da Abare da Bagega, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, har likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinarin da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 aka rasa. An kankare ƙasa a garuruwan, an yi magani, amma haƙar ba ta tsaya ba, kuma ba ka san ƙurar da tayarka ta kwaso ba. Kada ka sa komai na keken nan a baki. In ka gama ka wanke hannu da sabulu kafin ka ɗauki amaryata, kuma kada ka yi aikin a inda take rarrafe, don 'yan ƙarafan nan daidai bakin yaro suke.

Yanzu ga yadda cikinsa yake. Bawul irin na kekenka, wanda ke kan yawancin Raleigh da Phoenix da Hero da ke ƙasarmu, ana kiransa na Dunlop. Sunan wani likitan dabbobi ne, John Boyd Dunlop, da ya zauna a Belfast. Ɗansa ne ke shan wahalar girgiza a kan ɗan kekensa mai ƙafa uku, uban ya naɗa masa roba mai iska a ƙafafun, ya yi rajistar dabarar a 1888. Bawul ɗin kansa wani mai suna Woods ne ya ƙirƙira shi bayan 'yan shekaru, amma sunan Dunlop ya danne. Ka ga ashe tun farko uba ne ya tsuguna a gindin keken ɗansa, ni ba sabon abu na fara ba.

Abu huɗu ne a jikinsa in ka ƙirga. Akwai bututun da ke manne da tif, ya leƙo ta ramin wili. Akwai hula a sama. A ƙarƙashin hula akwai wani noti mai zane-zane wanda ake murzawa da yatsa. Shi yake danne da na huɗun, ɗan ƙarfen ciki, wanda tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba. Wannan ɗan ƙarfe shi ne duk maganar. Cikinsa rami ne, amma ƙasansa a toshe yake, sai wata 'yar ƙaramar huda a gefe. Robar nan mai kama da tsutsa ana zura masa ita kamar safa, ta rufe hudar. In ka buga famfo, iska ta bi ramin, ta ɗaga robar kaɗan, ta shige cikin tif. Da ka saki, iskar da ke ciki ta matse robar a kan hudar, ta rufe wa kanta ƙofa. Babu sifirin, babu wata dabara bayan wannan. Robar da ba ta kai tsawon ashana ba ita ke riƙe da kai da buhun da ke kariya.

Kuma ita ce ke fara mutuwa. Zafinmu na Maris zuwa Mayu, da ke haura digiri 40, yana dafa ta. Hunturu ya busar da ita ta tsattsage. In mai ko kananzir ya taɓa ta, ta kumbura ta yi laushi kamar ƙullu. Wani lokaci tsagewa take yi, iska ta riƙa zurarewa a hankali cikin dare, irin naka ke nan. Wani lokaci kuma narkewa take yi ta liƙe hudar, ka yi ta fama da famfo yana turo hannunka baya, iska ta ƙi shiga. Keken nan ya yi shekaru jingine a zaure kafin ka ɗauka, kuma na tabbata robar da ke cikinsa tun wadda na sa da hannuna ce.

Ga gyaran, kuma ba sai ka cire taya ba. Ka shimfiɗa tsumma ko tabarma a ƙasa tukuna, don in ɗan ƙarfen ya faɗa cikin rairayi sai ka yi ta tankaɗe. Ka ɗora babban yatsa a kansa, sannan ka kwance notin a hankali. In da iska a tayar, ɗan ƙarfen harbowa yake yi kamar dutsen gwafa, na san wanda ya kusa rasa ido a haka. In iskar ta gama fita, ka zaro shi. Ka dubi robar. Za ka same ta ko a tsage, ko ta yi baƙi ta manne, ko kuma rabinta ya gutsure ya rage a cikin bututu, wanda sai ka sa allura ka zaƙulo shi. Ka kankare tsohuwar da farce, ka goge ƙarfen har ya yi haske, ka zura allura a 'yar hudar gefen ka tabbatar a buɗe take. Sai ka yanki sabuwar roba daidai tsawon ƙarfen, da ɗan ƙari kaɗan. Ka jiƙa ƙarfen da ruwa, ruwa kawai, kada ka kuskura ka sa mai ko man shafawa don ta yi santsi. Ka riƙa murza ta kana turawa.

A nan ne yawancin mutane ke kuskure, don haka ka natsu. In ka duba ɗan ƙarfen za ka ga yana da wata 'yar kafaɗa daga sama, inda ya ɗan yi kauri. Mutum yakan tura robar ta rufe hudar, ya ga ai shi ke nan, ya tsaya. A'a. Dole ta hau kafaɗar nan ta lulluɓe ta, domin aikinta biyu ne: ƙasanta yana rufe huda, samanta kuma shi ke toshe tsakanin ɗan ƙarfen da bututu idan noti ya danna. In ba ta hau ba, iska za ta bi gefe ta fita, ka ce sabuwar robar ma jabu ce. Yatsa zai yi zafi kafin ta hau, ka daure. In ta hau, ka mayar da ƙarfen. Yana da 'yan kunnuwa biyu, bututun kuma yana da tsaga biyu, ka tabbatar sun faɗa ciki. Ka ɗaure noti da yatsa iya ƙarfinka na yatsa. Kada filaya ta zo kusa, tana yanke robar tun kafin ka hau. Ka buga iska. Bugun farko da na biyu za su yi tauri, sabuwar roba ce ke buɗewa, daga nan ya saki. Ka sake shafa ruwan sabulu ka jira.

Akwai wasu 'yan ƙarafan na zamani da ba su da robar waje, abin toshewar yana can ciki. Sun fi sauƙin bugu, amma in sun lalace ba gyara, sai dai ka cire ka sa wani. Suna shiga bututu ɗaya da tsohon, don haka in ka samu ka saya ka ajiye.

Ban ce mai facinka macuci ba ne. Mai yiwuwa yaro ne da ya koyi sana'ar a kan tayar babur, ya tsoma tif a ruwa, ya bar bawul a sama yana riƙe da shi a hannu, ya ga ɗan ƙurji a roba ya liƙa faci. Amma kai ma da naka. Faci uku, ba ka tsaya ka ce ya nuna maka kumfar ba ko sau ɗaya? Duk wanda zai liƙa maka faci, ka ga hudar da idonka. Kuma a tsoma tif ɗin duka, har bawul.

Tunda na ambaci babur, wasu kekunan da ake kawowa yanzu, musamman na gwanjo masu giya, bawul ɗinsu irin na babur da mota ne, wanda ake kira Schrader, sunan wani Bajamushe da ya kafa sana'arsa a New York. Shi za ka gane shi da ɗan tsinke a tsakiyar bakinsa, in ka danna iska ta fito. A cikinsa akwai sifirin. Ciwonsa biyu ne: ko cikin ya kwance, ko ƙwayar rairayi ta shiga ta hana shi rufuwa. Akwai hular ƙarfe mai tsaga a kai, ita ce makullinsa, kowane mai facin babur yana da ita. Ka ɗan ɗaure, in bai daina ba ka danna tsinken sau biyu ko uku iska ta huro dattin, in ya ƙi ka kwance ka sa wani. Na tsohon tif ɗin babur ma yana shiga, girmansu ɗaya. Kauri kuma ɗaya ne da irin naka, milimita 8, shi ya sa tif mai kowanne daga cikinsu zai shiga wilinka, sai dai bakin famfo ya bambanta. Akwai na uku, siriri, na kekunan tsere, ba na jin za ka gamu da shi a Anka.

To in kumfar daga gindi ta fito fa? Nan magana ta ɗan yi nauyi. Dubi yadda bawul ɗin yake tsaye. In ya karkace kamar mai ruku'u, alama ce kana hawa da ƙarancin iska, taya tana zamewa a kan wili duk lokacin da ka taka birki, tana jan tif, bawul kuma yana maƙale a raminsa, har gindin ya yage. Mutum yakan ce bari in lallaɓa in kai gida, lallaɓawar nan ce ke kashe tif. Tsofaffin tif irin na da, bawul ɗinsu da noti da washa aka ɗaure shi a jikin roba. Irin wannan, ka fito da tif ka ɗaure notin gindin, sau da yawa shi ke nan. In ramin ya yage, masu faci na da sukan cire bawul ɗin gaba ɗaya, su liƙe wurin da babban faci, su huda wani wuri mai lafiya, su ƙara masa roba ya yi kauri, su dasa shi can. Na ga an yi, kuma ya yi shekara. Amma na yanzu narka bawul ake yi a jikin roba tun daga kamfani, in gindinsa ya yage faci ba ya zama a wurin. Wannan kam ka sayi sabo, ban hana ka ba. Sai dai kada ka yar da tsohon: ka cire ɗan ƙarfen da noti da hula ka adana, robar kuma ka yanka ta, ta yi maka faci da ɗaurin kaya, da zoben da ake shimfiɗawa cikin wili don kawunan wayoyi kada su huda tif.

In za ka mayar da tif, ka fara zura bawul, ka ɗan sa iska kaɗan don kada ya naɗe. Kafin taya ta gama zama, ka tura bawul ɗin ciki da yatsa sannan ka jawo shi, don kada leɓen taya ya danne gindinsa. Ya tsaya cak, yana kallon tsakiyar wili. Kuma tunda ka riga ka buɗe, ka bi cikin tayar da yatsa a hankali. Tsidau yakan karye ya bar ɗan bakinsa a ciki, ka yi faci yau ya sake hudawa gobe a wuri ɗaya.

Wataƙila kana dariya, kana cewa tsoho ya cika takarda a kan abin naira kaɗan. Ba kuɗin ne ya dame ni ba. A zamanin da nake ba ka labari, in taya ta sace mini a daji, turawa zan yi har ƙauye na gaba, in yi sallama a ƙofar mai gari, a ba ni fura da tabarma, da safe in wuce. Na taɓa cusa wa taya ciyawa da tsumma na taka a hankali har gida cikin farin wata, ban ji tsoron komai ba sai kura. Kai ba ka da wannan. Ka san harin da 'yan bindiga suka kai ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun 2022, ka kuma san ba a daina ba. Makarantarku tana bayan gari, kuma mahaifiyarka ba ta zama in la'asar ta yi sai ta ji ka shiga gida. Tayar da ke sacewa a hankali ita ce ke sa mutum ya tsaya sau uku a hanya yana bugu, ya kai magariba a inda bai kamata ba. Babur ɗin da kake so kuwa, ban da bashin da man, kai ma ka san shi ne abin da ake fara tarewa.

Ka tuna watan Satumbar 2021, da aka rufe kasuwannin mako, aka yanke layukan waya, aka taƙaita sayar da mai? Makonni muka yi ba mu ji muryarka ba. A lokacin nan Gummi keke ya yi daraja, tif kuma ya yi wuya, maƙwabta suka riƙa zuwa zaure wurina da kekunansu. Cikin waɗanda na duba, da yawa ba abin da suke buƙata sai wannan 'yar roba. Ina da ita a gwangwanin da ka sani, na saman taga, wanda kuke cewa tarkacen Baba.

Gwangwanin ne zan aiko maka ranar Asabar ta hannun direban da ya saba kawo muku saƙo. A ciki akwai robar bawul mai tsawon taƙi ɗaya, sabuwa ce, na ja ta na gwada. Ka bar ta a naɗe cikin takardarta, a inuwa, nesa da kananzir. Akwai 'yan ƙarafan ciki biyu, ɗaya na riga na sa masa roba don ka ga yadda take hawa kafaɗa, ka kwaikwaya. Akwai huluna uku, ka riƙa rufewa, ƙurar hunturu ba ta da kirki. Ka yanki guntun robar ka sa a aljihun sirdi tare da allura, kada ka fita ba su. Famfon na riƙe shi tukuna, fatar cikinsa ta bushe, na jiƙa ta da mai tana sha, sai mako mai zuwa. Kafin nan ka ara na maƙwabta.

Mahaifiyarka ta sa daddawa da kuka a ƙullin, ta ce na matarka ne, kada ka buɗe a mota. In ka yi gwajin ka kira ni, ko da dare ne, ka gaya mini daga ina kumfar ta fito. Allah ya yi maka albarka, ya tsare hanya.

Mahaifinka,
Gummi.